Injin ɓarar gyaɗa na huɗu: in ƙera, ko in nemi a canza mini furojet?

Ɗan Aji Biyar:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen malamai da masu sana'ar hannu da ke nan, kuma ku yi haƙuri, bayanin da ɗan tsawo.

Ina ajin ƙarshe a sashen Mekanikal. Makon jiya aka raba mana furojet, nawa ya faɗo a kan zanawa da ƙera injin ɓarar gyaɗa. Gaskiya da farko raina bai so ba. Ni da na shigo jami'a da hoton Jelani Aliyu a fuskar wayata, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ina ganin kafin in gama ni ma mota zan zana, sai ga ni da gyaɗa. Daga baya na ba kaina haƙuri, don gyaɗar ce ke biya mini kuɗin makaranta. Baba yana noma ta, kuma na san yadda yatsun Inna da na ƙannena ke komawa idan aka zauna ɓarar iri gab da faɗuwar damina.

Abin da ya kashe mini jiki ranar Talata ya faru. Na zagaya bayan wokshop ɗinmu neman guntun ƙarfe, sai na tarar da maƙabartar injuna a gindin darbejiya. Na ƙirga goma sha huɗu. Uku daga ciki na ɓarar gyaɗa ne, duk koren fenti, kowanne an rubuta sunan mai shi da lambarsa da farin fenti a gefe. Ɗaya zanzaro ya gina ɗaki a cikin mazurarinsa. Ɗaya fanbel ɗinsa ya tsattsage yana reto. Na kama fulin na ukun da hannu biyu, ko motsi bai yi ba. Na tambayi dattijon da ke kula da wokshop, ya ce mini kowannensu ya yi aiki ranar difens, wato ranar da ɗalibi ke kare furojet ɗinsa gaban malamai, an zuba masa gyaɗa an tafa, an ba da maki, washegari aka fito da shi nan.

Na je laburare na ɗauko rahotannin ukun. Babi na uku kusan abu ɗaya ne, lissafin shaf da na fanbel da na ƙarfin inji. A babi na huɗu kowa ya ce injinsa ya ɓare sama da kashi 90 cikin 100. Amma wanda ya fi kowa gwaji da kilo biyu ya gwada, kuma babu wanda ya faɗi wace irin gyaɗa ce ya zuba.

Kuɗin kayan aikin nan sai Baba ya fitar da buhuna ya kai kasuwa kafin su haɗu. Abokina ya ce in daina wahalar da tsoho, in roƙi Malam mai duba furojet ɗina ya mayar mini da shi aikin kwamfuta zalla, in zana a manhajar zane ta SolidWorks, in saka a manhajar gwajin ƙarfi ta ANSYS, in fito da hotunan nan masu ja da shuɗi, a wuce wurin. To ni abin da nake son sani, me ke hana injunan nan fita daga gindin darbejiya? Laifin ɗalibai ne, ko na malamai, ko dama abin da ake kira bincike a jami'a iyakarsa ke nan? In akwai yadda zan yi nawa kada ya zama na huɗu, a faɗa mini tun ban sa tsoho ya sayar da gyaɗarsa ba.

Maƙerin Panteka:

Wa alaikumus salam ɗana. Yarona ne ke danna mini wayar, ni ina faɗa, in ka ga kuskure nasa ne.

Shekarata talatin da ɗaya ina walda da haɗa injuna a Kaduna. Irin injunan da ka gani a bayan wokshop, da yawansu a hannun irinmu aka yi su, ba sai na ɓoye maka ba. Yaro zai zo da takarda, ya ce Oga nan da sati biyu nake difens. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka za mu fafe, tunda ya kawo kuɗinsa.

Bari in faɗa maka abin da nake gani a takardunku. Wani ya kawo mini zane, shaf ɗinsa mili 27. Na ce ɗana ina ka samo 27? Ya ce lissafi ne ya ba shi. Na ce to lissafin ya faɗa maka shagon da ake sayar da boris mai 27? A kasuwa 205 muke da shi, raminsa mili 25, sai 206 mai mili 30. In lissafinka ya ce 27, ka hau 30 ka huta. Ya ƙi, wai malaminsa ya riga ya sa hannu. Haka aka feƙe bakin shaf ɗin ya koma 25 don ya shiga boris, a takarda kuma yana nan 27. Ka ga ai injin daban, littafi daban.

Na biyu, kuna son a like komai da walda don ya yi kyau a hoto. Injin gyaɗa ransa na cikin rariyar da ke ƙarƙashin gangar da ke juyawa tana murza gyaɗar. Gyaɗa 'yar Dakar ƙanana ce, kampala da mai bargo sun fi ta girma. Rariya ɗaya ba za ta yi musu duka ba: in ramin ya yi faɗi ƙananan su zube da ɓawonsu, in ya matse manyan su farfashe. Dole rariyar ta zama mai cirewa, da noti huɗu, a yi ta kala uku. Wanda ya like ta da walda ya yi injin gona ɗaya ne.

Na uku gudu. Ƙaramin injin fetur ɗin nan GX160 da kowa ke ɗaurawa, in ka sake masa wuta yana juyi 3,600 a minti. Gyaɗa ba dutse ba ce. Ku sai ku ɗaura fanbel ɗaya daga inji zuwa ganga, abu ya riƙa ihu yana fitar da tsaba rabi-rabi. Ni hawa biyu nake yi. Fuli inci 3 a kan inji ya ja inci 12, ka sauko 900. A wannan shaf ɗin na tsakiya nake ɗaura fankar da ke shiƙe ɓawo, don ita tana son gudu. Daga nan inci 4 ya ja inci 12, ganga ta samu 300. Ka duba da alƙalaminka ka gani ko tsoho ya yi ƙarya.

Amma ni ma bari in faɗi nawa aibin, kada a ce na zo zagin 'yan boko. In ka ce in yi maka inji goma, zan yi, kuma duk za su yi aiki, sai dai babu biyu da za su zama ɗaya. Rariyar wannan ba za ta shiga wancan ba sai an sa guduma. In ta lalace a ƙauye sai an ɗauko injin gaba ɗaya an kawo mini. Kuma in ka tambaye ni me ya sa 300 ba 250 ba, amsata ita ce haka kunnena ya saba ji. Wannan wurin ne nake ganin da kun tsaya da kun amfane mu.

Sai Gani Na Biyu:

Malam ka yi aikin kwamfutarka ka karɓi takardarka. Ƙasar da ta fara gina Ajaokuta da 'yan Tarayyar Sobiyat tun wajen 1979, yau fiye da shekara 40 babbar tukunyar narka tama ba a taɓa kunna ta ba, ita za ka ƙera wa inji? Boris daga Sin, fanbel daga Sin, injin fetur daga Sin, kai naka fenti. Ni na yi injin matsar rake a nawa furojet ɗin, yanzu POS nake yi a bakin tasha, kuma Alhamdu lillahi ina cin abinci. Kada ka sa tsoho ya sayar da gyaɗa a kan abin da ƙadangaru za su gada.

Malama a Sashen Injiniya:

Ɗalibi, tambayarka ta yi mini daɗi kuma ta yi mini zafi, don mu ma muna da tamu darbejiyar, kuma akwai injunan da ni na sa hannu a kansu a gindinta.

In fara da laifinmu. Malamin jami'a da takardun da ya wallafa a mujallu ake masa ƙarin girma. In ɗalibina ya ƙera inji ya yi minti goma yana aiki, na samu abin rubuta takarda. In na bi injin nan shekara biyu har ya shiga kasuwa, babu layin da zan rubuta wannan wahalar a fom ɗin ƙarin girma da zai kai nauyin takardar. Kowa kuwa inda ake auna shi nan yake tara kaya. Ga kuma ɗalibai da yawa a hannun malami ɗaya, sai a riƙa juya tsofaffin batutuwa.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fito da wani ma'auni mai hawa tara na nunar fasaha, yanzu ana amfani da shi ko'ina. Hawa na ɗaya tunani ne a takarda, na tara abu ne da ke aiki a hannun masu shi yau da gobe. Injin ranar difens bai wuce hawa na uku ko na huɗu ba. Sauran hawan, wato gwaji a gona, gyara, sake gwaji, tsara yadda za a yi guda ɗari iri ɗaya, su ne masu cin kuɗi da lokaci, kuma a nan ba su da uba. Jamus ta yi wa wannan tsakiyar gida na musamman, cibiyoyin Fraunhofer, da aka kafa ƙungiyarsu a 1949. Shugaban cibiya galibi farfesa ne a jami'ar da ke kusa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na kuɗinsu ne gwamnati ke ba su kai tsaye, sauran sai sun nemo da kwangilar bincike, ciki har da ta masana'antu. Wanda bai warware wa mai masana'anta matsala ba zai ji a aljihunsa. Amurka kuma a 1980 ta yi dokar Bayh-Dole, ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, don su sami dalilin kai shi kasuwa. Mu ma ba a ce babu komai ba. Akwai cibiyar injunan noma ta ƙasa, NCAM, a Ilori da aikinta ya haɗa da gwada injunan noma, akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru da ke da sashen injunan gona, ita ce ma ta fitar da irin gyaɗar nan na SAMNUT tare da cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, akwai hukumar bunƙasa kimiyya da injiniyanci, NASENI, tun 1992, akwai kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Igiyar da za ta ɗaure su da rumfar Baba na Panteka ce ba ta da ƙwari.

Maganar Ajaokuta kuwa, ɗan'uwa mai POS, gaskiya ce amma ba ta shafi wannan injin ba. Ƙarfen angul da faranti da rodi suna nan jibge a Ƙofar Ruwa a Kano. Ba rashin ƙarfe ya kai injuna ukun nan gindin bishiya ba.

Ga shawarata. Kada ka ƙera na huɗu. Je ka roƙi izini ka ɗauko wanda ya fi lafiya cikin ukun, ka kwance shi, ka rubuta duk abin da ya kashe shi. Wannan kaɗai babi ne da ba a taɓa rubutawa a sashenku ba. Sai ka gyara shi yadda za ka iya canza abu uku: gudun ganga, tazarar da ke tsakanin ganga da rariya, da danshin gyaɗa. Kowanne ka ba shi mataki uku, misali gudu 200 da 300 da 400. Uku sau uku sau uku, 27. Ka maimaita kowanne sau uku, gwaji 81 ke nan. A kowane gwaji ka auna abin da ya ɓaru, abin da ya fashe, abin da ya fito da ɓawonsa, da abin da fanka ta kwashe ta zubar tare da ɓawo. Danshi kuma ba da hannu ake ji ba, ka auna nauyi, ka busar a oven ɗin ɗakin gwaje-gwaje, ka sake aunawa. In ka gama za ka iya ba Baba amsar da ya ce kunnensa kaɗai ya sani. Wannan shi ne binciken. Kwamfuta kuma ka yi amfani da ita inda take da amfani, wato zanen kowane ɓangare da awonsa da iyakar kuskuren da aka yarda da shi, har da zanen jig, ƙarfen da zai riƙe aiki wuri ɗaya lokacin huda da walda, don rariyar inji na ɗaya ta shiga na goma ba guduma.

Tunda mota ce a ranka: Soichiro Honda, wanda sunansa ke kan asalin GX160 ɗin da Baba ya ambata, bakanike ne. Da ya fara yin zoben fistin ya kai wa Toyota, akasarinsu aka ƙi karɓa saboda ba su kai ingancin da ake so ba. Sai da ya koma zaman aji a makarantar fasaha ta Hamamatsu ya koyi halin ƙarfe kafin ya iya yin dubbai iri ɗaya.

Hajiya Mai Man Gyaɗa:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma duk sati ina sayen gyaɗa a Dawanau, ni da mata shida muke aikin mai da ƙuli-ƙuli. Na ga duk kun damu da fashewar tsaba. To ni ina ruwana da fashewa? Soya ta zan yi in kai inji a markaɗe. Abin da ke ƙona mini rai ɓawo da tsakuwa ne a cikin tsaba, don sai mun zauna tsinta, yini guda ya tafi. In injinka zai ba ni tsaba mai tsabta, ko rabi-rabi ce ina so.

Mai sayar da iri shi ne ba ya son ko ƙwarzane, don tsabar da jar rigarta ta sale ba ta tsira yadda ya kamata. Shi ya sa har gobe mahaifiyarka da hannu take ɓarar iri, ba rashin inji ba ne a garinku. Ka fara sanin wa kake yi wa injin, ni ko ita.

Sannan ƙanena, na ji Malama ta ambaci danshi. Masu inji suna yayyafa wa gyaɗa ruwa kafin su zuba don kada ta fashe, kuma yana aiki. Amma in aka ɗura ta a buhu ba a sake shanya ta ba, sai ta yi fumfuna, ta yi ɗaci, kuma ma'aikatan gona sun sha gaya mana gubar da ke cikin fumfunar nan tana lalata hanta. Na taɓa asarar buhu biyu a haka. In za ka rubuta a yayyafa ruwa, ka rubuta a shanya.

Kuma ka sa masa taya. Injin da sai ƙarti huɗu sun ɗaga, mu mata ba namu ba ne.

Ɗan Aji Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana uku ban leƙo ba saboda na bi maganarku ne.

Na sami Malam da tsarin da Malama ta zana. Ya yi shiru, ya ce taken furojet ɗin an riga an kai ofis, ba zai canzu ba, amma ƙarƙashin taken in yi abin da na ga dama muddin akwai injin da zai kunnu ranar difens. Ya sa hannu aka ba ni ɗaya daga cikin ukun, mai ɗakin zanzaro.

Jiya muka kwance shi da dattijon wokshop. Baba na Panteka, kamar kuna wurin aka yi shi. Rariyar a like take da walda ta ko'ina. Fanbel ɗaya ne daga inji zuwa ganga, fuli inci 3 da inci 10, wato gangar tana juyi sama da 1,000 a minti. Gidajen boris biyun ba su kan layi ɗaya, har shaf ɗin ya ci gefe guda ya yi ƙyalli. Na ari ma'aunin kauri na auna tazarar ganga da rariya: mili 14 a dama, mili 22 a hagu. A rahoton an rubuta 18. Ina jin mai rahoton ya haɗa biyun ne ya raba biyu.

Na kuma sa ƙanwata ta aiko mini da gyaɗa tiya ɗaya-ɗaya kala biyu daga rumbun Baba a motar kasuwa. Na zauna na auna kaurin guda ɗari-ɗari, abokan ɗakina suna ta dariya suna cinye wadda na gama aunawa. Abin da ya ba ni mamaki, a cikin tiya ɗaya ma bambancin manya da ƙanana ya kusa kai bambancin kala da kala. Ke nan ko rariya uku ba za ta raba gardama ba, sai dai a tankaɗe gyaɗar a ware ta kafin a zuba, ko a sake mayar da wadda ta zubo da ɓawonta a kan ƙaramar rariya. Malama, wannan zai iya shiga cikin gwajin ko ya yi yawa?

Hajiya, na kira Inna na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce ko kyauta aka ba ta inji ba za ta zuba masa irinta ba. Don haka naku zan yi, na masu mai, kuma tsabtar tsaba ce zan sa a gaba. Tayar baro biyu na sa a lissafi.

Yaya mai POS, ban ƙi taka ba, injin fetur ɗin ma aro zan yi. Buhu ɗaya kawai Baba zai sayar maimakon uku.

Saura rariya. Baba na Panteka, in na kawo zane za ku huda mini kala uku, kuma ku yarda mu yi jig ɗin tare?

Maƙerin Panteka:

Ka zo ranar Asabar da safe kafin a ɗauke wuta. Kada ka zo da takarda kaɗai, ka cire gangar da shaf ɗin ka sa a buhu ka taho da su, da gyaɗar kala biyun, rabin tiya ma ya isa in abokanka sun rage. Faranti mai mili 2 za mu saya a nan, kada ka sayo a can su cuce ka. Ramin rariya dogo ake yi ba zagaye ba, zan nuna maka dalili da gyaɗar a hannu. Ka zo da ma'aunin nan naka, ina so in auna wasu injuna biyu da na gama jiya in ga ƙaryata. Fenti kuma kada ka saya tukuna.